Abin da na koya wajen haɗa salame di cioccolato

Ranar da dattijuwar da nake aiki a ƙarƙashinta, a wani ƙaramin gidan abinci a Bologna, ta ce gobe ni zan haɗa "salame", gabana ya faɗi. A Italiya salame galibi naman alade ne da ake ɗurawa a hanji a busar. Da ta ga fuskata ta canza, sai ta kama hannuna zuwa firji ta yanko min guntu. Ashe biskit ne da garin koko da bota da sukari, babu ko ƙanshin nama. Siffa kawai aka kwaikwaya: a mulmula shi dogo, a barbaɗe shi da garin sukari, wasu har zare suke ɗaura masa. A Sisili salame turco suke ce masa, mutanen Portugal ma suna da nasu.

Tunda ba ya shiga tanda, na raina aikin. A daren na gwada a ɗakina. Na niƙe biskit ɗin ya yi laushi kamar garin tuwo, na narkar da botar a wuta don in yi sauri. Washegari da na yanka, ciki baƙi ƙirin, ga maiƙo yana naso a takarda.

Ba ta yi min faɗa ba. Ta zuba biskit a leda, ta riƙa farfasa shi da tafin hannu, wani gutsure kamar ƙwayar gyaɗa, wani ƙasa da haka. Waɗannan fararen gutsattsarin su ne ke fitowa kamar kitse idan an yanka, kuma su ke ba haƙori abin tauna. Bota kuwa fitar da ita ake tun da wuri, sai yatsa ya nutse a cikinta ba tare da ta zama ruwa ba, sannan a buga ta da sukari har ta yi haske.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne maganar ƙwai. Tsohon haɗin da ɗanyen ƙwai ake yi, kuma babu wutar da za ta kashe ƙwayar cuta irin salmonella. Duk abin da ka saka, haka zai isa bakin mai ci, yaro ne ko mai juna biyu. Shi ya sa a gida nake zuba 'yan cokulan madara a madadinsa. Giyar rum ko Marsala da wasu ke sawa ma na cire, ina gurza ɓawon lemon zaƙi a ciki.

Awona yanzu biskit giram 300, bota 150, sukari 100, garin koko mai ɗaci 50. In naɗe a takarda, in murɗe bakin biyu tam, ya kwana a firji. Da safe in fitar da shi ya huta minti 10 kafin in sa wuƙa, don kada ya marmashe.