Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ruwan Fabrairu a Kambirij

Makon jiya na tsaya a inda na sayi kyamarata ta farko, ta hannu, da kuɗin aikin dare. Ranar da na fara fita da ita wata Asabar ce cikin Fabrairu, tun asuba ake yayyafi. A Zariya lokacin hunturu ne, ƙura da kaushi, ko ɗigon ruwa babu. A Ingila kuwa ruwa da sanyi tare suke zuwa.

"Auta, ki bari sai gobe mana," in ji Yaya.

Na ce, "Yaya, don Allah mu je, hankalina ya riga ya tafi."

Majami'ar King's College, ɗaya daga cikin kwalejojin Jami'ar Kambirij, muka nufa. Sarki Henri na Shida ya aza harsashinta a 1446, yaƙin gadon sarauta ya tsayar da aikin, ba a gama ginin ba sai 1515. Da na ɗaga kai na ga rufin, sai na manta da kyamara a wuyana. Dutse ne zalla, amma an sassaƙa shi ya bazu kamar mafitan kaba jere da juna. Gilasan tagogi masu launi, waɗanda aka cire aka ɓoye lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sun yi duhu-duhu saboda hadari. Hotunana na ciki duk suka fito dishi-dishi, hasken ya yi kaɗan, hannuna kuma na rawar sanyi. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Muka fita ta baya, wajen kogin Kam. A gindin itatuwan da suka zubar da ganye na ga wasu fararen furanni, tsayinsu bai kai taƙi ba, Turawa na ce musu ɗigon dusar ƙanƙara. Kansu a sunkuye yake, ba a ganin cikinsu sai an durƙusa. Wasu furannin daban, masu ruwan goro da na shuni, da ke kusa duk sun tsuke baki, sai rana ta fito suke buɗewa.

Na durƙusa cikin taɓo, Yaya ta riƙe mini lema, ita ruwa na dukanta. Na ɗauka ya fi sau talatin kafin ɗaya ya fito: fure guda, ɗigon ruwa na lilo a bakinsa, majami'ar can baya kamar inuwa.

Shi na tura wa Inna a daren. Abin da ta ce da ta kira ni, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.