Idan gasar lig ta tsallaka iyaka, ina lissafi ke ƙwacewa?

A watan Oktoban 2005 mutum 103,467 suka cika filin Azteca na birnin Meziko domin kallon wasan NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, tsakanin Arizona Cardinals da San Francisco 49ers, wasan cikin kaka na farko da gasar ta buga a wajen Amurka. Tun daga nan, duk mai son a kafa wa Meziko kulob na dindindin da wannan adadi yake buɗe baki. Darasin farko da bin diddigin irin waɗannan yunƙuri ya koya mini shi ne a ajiye adadin a gefe tukuna, domin hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wasa ɗaya a shekara biki ne, mutum zai iya tara kuɗi watanni saboda shi. Kulob na dindindin kuwa sai ya cika fili sau takwas ko tara a kakar NFL, sau 41 a ƙwallon kwando ta NBA, sau 81 a besbol, kuma har a shekarar da yake shan kashi. Toronto ta riga ta gwada. Kamfanin Rogers ya biya dalar Kanada miliyan 78 domin Buffalo Bills na NFL su riƙa zuwa buga wasu wasanninsu na gida a can daga 2008. Tikiti ya yi tsada, kulob ɗin ba na garin ba ne, 'yan kallo suka yi ta raguwa har suka koma ƙasa da dubu 40 a wasan 2013, aka dakatar da shirin.

Inda gizo ke saƙa shi ne canjin kuɗi, kuma nan ya kamata mai lissafi ya fi daɗewa. Kulob ɗin da ke Kanada yana sayar da tikiti, da tallan cikin fili, da haƙƙin nuna wasa a tashoshin gida, duk da dalar Kanada. Albashin 'yan wasa, wanda shi ne kaso mafi girma na abin da yake kashewa, da dalar Amurka ake biyansa. A ɗauki ɗan wasan da ke karɓar dalar Amurka miliyan 10. Idan dalar Kanada tana daidai da santi 75 na dalar Amurka, kulob zai fitar da kusan miliyan 13.3 na kuɗin gida. Idan ta sauka zuwa santi 62, kamar yadda ta yi a farkon 2002, ɗan wasan nan ya koma miliyan 16.1, alhali bai ƙara ko taku ɗaya a fili ba, kuma kujerun filin ba su ƙaru ba. Ba a iya ɗora wa magoya baya wannan giɓi gaba ɗaya, don su ma albashinsu da kuɗin gida ake biyansu. A shekarun da dalar Kanada ta yi rauni ne Quebec Nordiques na gasar hokin ƙanƙara ta NHL suka koma Denver a 1995, Winnipeg Jets suka koma Phoenix a 1996, Vancouver Grizzlies na NBA suka koma Memphis a 2001, Montreal Expos na besbol suka tattara zuwa Washington bayan kakar 2004. Kowannensu yana da nasa ciwon daban, wasu tsohon fili, wasu rikicin masu kulob, amma canji ya shiga cikin lissafin dukansu. Da dalar Kanada ta dawo kafaɗa da kafaɗa da ta Amurka, sai ga NHL ta koma Winnipeg a 2011, aka kuma sayar da tikitin kaka dubu 13 cikin 'yan kwanaki. Masoya wasan suna nan tun can, kuɗin ne ya sauya.

Maganin abin a aikace iri uku ne, kuma gara a tanade su kafin a buga wasan farko. Kulob ya riƙa ƙulla yarjejeniyar sayen dala da banki tun kafin kaka a kan farashi tsayayye, domin ya san abin da albashi zai ci. Ya nemi wani kaso na kuɗin shigarsa ya zo da kuɗin da yake biyan albashi, wato rabonsa na talabijin na gasar da manyan masu talla na ƙasa da ƙasa. Gasar kuma ta ware asusun tallafi, irin wanda NHL ta kafa wa ƙananan kulob-kulob na Kanada a tsakiyar shekarun 1990. Ƙulla farashi da banki yana sayen lokaci ne kawai, shekara ɗaya ko biyu. Idan raunin kuɗin ya ɗauki shekara goma, asusun tallafin ne ke riƙe kulob, shi kuma sai sauran masu kulob sun yarda su cire daga aljihunsu.

Wannan ya kai mu ga tambayar da masu kulob ke yi a ɗakin taro, wadda magoya baya ba sa ji. Yarjejeniyoyin talabijin da NFL ta ƙulla a 2021 sun haura dala biliyan 100 na tsawon shekara 11, kuma daidai ake raba kuɗin tsakanin kulob 32. Tashoshin Amurka masu kallo na cikin Amurka suke sayar wa masu talla. Wanda ya kunna talabijin a Toronto ba ya shiga wannan ƙidaya. Kulob na 33 a wata ƙasa zai rage wa kowa rabonsa, don haka sai ya nuna cewa kuɗin shiga gasa da zai biya, da sabuwar kasuwar da zai buɗe, sun fi abin da za a rasa. Ga shi kuma NFL ba ta yarda kamfani ya mallaki kulob ba, sai mutum ko iyali mai riƙe da babban kaso, abin da ke rage yawan waɗanda za su iya saye.

Akwai kuskuren da nake ganin gasa ce da kanta ke jawo shi, wato ta karɓi kuɗin sabon kulob sannan ta ɗaure masa hannu. Toronto Raptors da Vancouver Grizzlies kowanne ya biya dala miliyan 125 don shiga NBA a 1995, aka kuma hana su zaɓin farko a rabon sabbin 'yan wasa na 'yan shekarun farko. A zamansu na Vancouver, Grizzlies ba su taɓa cin fiye da wasa 23 cikin 82 a kaka ba. A 1999 suka zaɓi Steve Francis, ya ƙi zuwa Vancouver, dole suka yi musayarsa da Houston. Garin da ƙwallon kwando ba ta yi jijiya a cikinsa ba, ka ba shi shekara shida na shan kashi, me ka bar masa da zai riƙe? Toronto ta tsira ne saboda dalilan da ake iya lissafawa: a 1998 masu kulob ɗin hoki na Maple Leafs suka saye Raptors, a 1999 aka buɗe sabon fili da kulob biyun ke amfani da shi tare, tauraron Raptors Vince Carter ya ja matasa, bayan tafiyar Grizzlies kuma ƙasar gaba ɗaya ta zama kasuwarsu. Kofin NBA da Raptors suka ci a 2019 a kan wannan tubali ya zauna.

Tsallakawa ta ɗaya ɓangaren ma ba ta fi sauƙi ba. Gasar CFL, takwarar NFL a Kanada, ta shiga Amurka daga 1993 zuwa 1995. Filinta yadi 110 ne a tsawo da 65 a faɗi, na Amurka kuwa 100 da 53 da ɗoriya, don haka a Memphis sai da aka gajarta wurin cin maki kafin filin ya shiga. Ƙa'idar tilasta sanya 'yan Kanada a cikin tawaga ba ta yi aiki a kan kulob-kulob na Amurka ba saboda dokar ƙwadago ta can, ke nan gasa ɗaya ta koma mai ƙa'ida biyu. A Birmingham ta jihar Alabama, da wasannin jami'o'i suka fara a watan Satumba sai 'yan kallo suka watse. Baltimore ce kaɗai ta karɓu, tana tara fiye da mutum dubu 30, har ta ci kofin gasar, wato kofin Grey, a 1995. To amma ƙishirwar NFL ce ta kawo jama'ar, kuma da aka sanar cewa Cleveland Browns na NFL za su ƙaura zuwa garin, kulob ɗin CFL na Baltimore, wato Stallions, ya koma Montreal a 1996. Kafin a kafa kulob a gari, a tambaya ko wasan naka suke so, ko kuwa suna rage zafi ne da shi kafin nasu ya zo.

Sai batun takardu, wanda akan bari sai a ƙarshe alhali shi ya kamata a fara da shi. A ƙwallon ƙafa, kulob ba ya buga gasar wata ƙasa sai da amincewar hukumomin ƙasashen biyu, da hukumar nahiya, da FIFA. Ko an amince, tambayar gurbin gasar nahiya tana nan. Wellington Phoenix na New Zealand suna buga gasar Ostireliya tun 2007, amma ba su da hanyar shiga gasar zakarun Asiya ta wannan lig, domin ƙasarsu tana ƙarƙashin hukumar Oshaniya. Kulob-kulob na Kanada da ke MLS, gasar ƙwallon ƙafa ta Amurka, suna da kofin ƙasarsu da ke ba su gurbi. Ga biza da izinin aiki ga 'yan wasa da iyalansu, ga haraji da ake biya a duk inda aka buga wasa, ga kwastam da kayan aiki ke bi ta cikinsa a kowace tafiya. Iyaka kuma tana iya rufewa ba shiri. Lokacin annobar korona Raptors sun buga kakar 2020 zuwa 2021 a Tampa, Blue Jays na besbol suka fake a Buffalo, ba su koma Toronto ba sai ƙarshen Yulin 2021. Tun daga nan, tsarin da bai ambaci filin ajiya a ɗaya ɓangaren iyaka ba, da wanda zai biya kuɗinsa, ina ɗaukarsa bai kammala ba.

Idan aka auna damar da ke gaba da waɗannan ma'aunai, hanyar da NBA ta bi a Meziko ta fi kwanta mini. Ta shigar da Capitanes na birnin Meziko cikin ƙaramar gasarta ta G League a 2021, inda albashi ba shi da nauyi, kuma ana iya gwada tafiye-tafiye, da biza, da sayar da tikiti mako bayan mako ba tare da an zuba biliyoyi ba. Akwai abubuwan da sai an zauna a wuri ake saninsu. Birnin yana kan tudu mai tsawon kusan mita 2,240 daga teku, kuma baƙon ɗan wasa yana jin haka a ƙirjinsa. A Nuwamban 2018 kuwa, saura kwana shida a buga wasan Rams da Chiefs a Azteca, NFL ta mayar da shi Los Angeles, saboda ruwan sama da wasannin ƙwallon ƙafa da shagulgula sun lalata ciyawar filin, bayan mutane sun riga sun sayi tikitin jirgi sun kama otal.