Takobi ɗaya, asali uku

Sana'armu saye da sayar da tsofaffin takubba da wuƙaƙe ce, amma abin da ya fi cin lokacinmu shi ne amsa tambaya guda: wannan daga ina ya fito? Mu uku ne a kamfanin. Ni ke duba kaya, ɗaya na ɗaukar hoto da rubuta bayani, na ukun kuma na fama da takardun aikawa, don kowace ƙasa da dokarta kan shigo da makami, balle in mariƙin na hauren giwa ne, wanda CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin namun daji da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ta tsaurara cinikinsa.

Mai tara kayan tarihi yakan so in ba shi sunan ƙasa ɗaya ya rubuta a kati ya huta. Da wuya hakan ta samu. Takobi abu uku ne, ruwa da mariƙi da kube, kuma sau da yawa kowanne da inda aka yi shi da zamaninsa. Kube ke fara lalacewa a sake wani. Mariƙi yakan bi hannun mutanen da suka yi yaƙi da shi. Ruwan kuwa matafiyi ne. Garin Solingen na Jamus ya shafe ƙarnuka yana ƙera ruwan takobi yana turawa kasuwannin duniya, shi ya sa ake tsintar ƙarfen Turai a takubban Sikotland, da kaskara ta Sudan, da takubban Abzinawa, da firangi ta Indiya.

Inda sabon shiga ya fi faɗawa rami shi ne tambari. Da ya ga alama a jikin ƙarfe sai ya ɗauka magana ta ƙare. Hoton kerkeci mai gudu asalinsa na maƙeran garin Passau na Jamus ne, amma na Solingen suka ara, daga baya maƙeran wasu nahiyoyi suka kwaikwaya, har wani kerkecin ya koma 'yan layuka da ba su kama da dabba. Sunan Andrea Ferara, maƙerin Italiya na ƙarni na 16, yana kan takubban Sikotland masu ɗimbin yawa, alhali akasarinsu a Jamus aka ƙera su. Haka lambobin nan 1414 da 1441 da ake gani a wasu takubba: ba shekarar ƙira ba ce, ko da dillali ya rantse.

Ni hannuna nake fara tambaya kafin ido. Takobin da aka yi don yaƙi yana da kauri kusa da mariƙi, yana sirancewa har tsini, kuma bai kai nauyin da mutane ke zato ba. Na jabu yakan zo da kauri ɗaya daga sama har ƙasa, ya yi wa hannu dundum. Sai in ɗauko madubin ƙara girma in bi tsatsa. Ta shekaru tana cin ƙarfe nan da can, ta asid kuwa, wadda masu jabu ke yi, shimfiɗe take bai ɗaya. Haka zanen ruwa-ruwa na ƙarfen da ake kira na Dimashƙa, wanda a da ainihin curinsa daga Indiya ake kawowa: na gaske a cikin ƙarfen yake, ba a fatarsa kawai ba.

Wani lokaci aikin na zuwa da sauƙi. Kamfanin Wilkinson na Landan ya fara sa wa takubbansa lamba a 1854, kuma littattafan rajistarsa suna nan, har akan gano hafsan da ya saya.

Takobin Japan kuwa sirrinsa na ɓoye a cikin mariƙi. Ana zare ɗan ƙusan gora, wutsiyar ƙarfen ta fito, a ga sa hannun maƙeri da sawun magagari da launin tsatsa. Sa hannun ma akwai na ƙarya birjik, don haka baƙar tsatsar nan shaida ce babba. Wanda ya sa samfefa ya goge ta don takobin ya yi ƙyalli ya goge shekarunsa, ya kuma zubar da darajarsa. Abin da nake roƙon duk mai kawo mana kaya ke nan: kada ya wanke, kada ya wasa, ya shafa ɗan mai a ruwan kawai, ya bar wutsiyar yadda take.

A katin da muke ba mai saye, layi uku muke rubutawa, na ruwa daban, na mariƙi daban, na kube daban, tare da hujjar kowanne. Wasu sukan ɓata rai su tafi wurin wanda zai ba su suna ɗaya. Gidajen gwanjo kuwa katin namu suke nema kafin su karɓi kaya.