Yadda na sha fama da yarana a kan kalmar threshold

Ina koyar da Turanci a lesin ɗin yamma, yara masu shirin WAEC da JAMB, kuma wallahi kalmar da ta fi cinye mana lokaci bana ita ce threshold. Asalinta dai dokin ƙofa ne kawai, wanda ake tsallakawa a shiga ɗaki, wanda tsofaffinmu ke hana mu zama a kai wai saboda aljanu. Su ma Turawa suna da tasu al'adar, ango ne yake ɗaukar amarya cak ya tsallaka da ita ranar tarewa. Wannan bai ba su wahala ba.

Inda aka samu matsala shi ne duk sun ɗauka ita da limit abu ɗaya ne. To ba haka ba ne fa. Limit inda abu ke tsayawa ne, threshold kuwa inda abu ke FARA aiki. In likita ya ce pain threshold ɗinka na ƙasa, yana nufin abu kaɗan zai taɓa ka ka fara jin zafi. Na yi bayanin har na gaji, suna ta kallona kawai.

Sai da na kawo siyasa tukunna aji ya farka. Na ce musu ɗan takarar shugaban ƙasa a Najeriya ko ya fi kowa ƙuri'a sai ya samu kashi 25 a biyu bisa uku na jihohi, wannan 25 ɗin ita ce threshold, kuma a 1979 ai kan haka Awolowo ya kai Shagari kotu, jihohi 19 ne lokacin, Shagari ya tsallaka a 12 amma a Kano bai kai ba, har Kotun Ƙoli ta yarda da lissafin 12 da biyu bisa uku. Nan fa musu ya kaure, da ƙyar na dawo da su. A Jamus ma yawanci jam'iyya sai ta kai kashi 5 take shiga majalisa, wata jam'iyya mai suna FDP ta kasa a 2013 ta tashi ba kujera ko ɗaya.

Tun daga nan na daina fara musu da dikshinari, misalin da zai sa su gardama nake nema.

Saura biyu ƙanana, on the threshold of na nufin gab da, kuma h ɗaya ce a tsakiya, rabin ajin har yanzu biyu suke rubutawa ina ta jan biro.