Bayan an ce a koma gida

Shekara shida na yi ina aikin jinya a wani ƙaramin asibitin ƙauye a yankin Dukku, jihar Gombe. A makaranta ba a koya mana abin yi da yaron da likita ya ce ba zai tashi ba.

A kan wata yarinya 'yar shekara bakwai na koya. Cutar kansa ce ta kumbura mata muƙamuƙi, irin wadda likita Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958. Tana jin magani idan an tare ta da wuri, amma sai da aka sayar da tumaki aka kai ta Gombe, a makare. Aka sallamo su. Mahaifinta ya ce mini, "Malama, sai dai addu'a." Na ce, "Haka ne Malam, amma a rage mata zafin nan, ta samu barci."

Da jin sunan mofin, maganin rage zafin ciwo mai ƙarfi da za a ba ta, sai ya ja baya. Ban ga laifinsa ba, ya ga yadda tiramadol da kodin suka lalata samari, har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Na zauna na yi masa bayani: likita ne ya auna, ana ba ta bayan kowace awa huɗu, ba a jiran ciwon ya taso, kuma yana ɗaure ciki, don haka akwai na sassauta bayan gida. Samun mofin ɗin ne wahala, sai a babban asibiti a birni.

Kuskurena kuwa, uwar na riƙa koya wa awon maganin. Tana sunkuyar da kai, ko sunan yarinyar ba ta kamawa. Na ɗauka sakaci ne. Ashe 'yar fari ce, kunya ta hana ta, alhali ita ke kwana tana kuka a bayan ɗaki. Kakar ta ja ni gefe ta ce, "'Yata, ni za ki nuna wa." Muka ɗaura zare a jikin sirinji daidai awon, muka sa ƙararrawa a wayar kawunta.

Rana ta huɗu na tambayi yarinyar da kanta me take so. Ta ce a shimfiɗa mata tabarma a gindin darbejiya, ta riƙa jin karatun 'yan makarantar allonsu. A nan ta yi kwanakin da suka rage mata. Idan tsakar gida ta yi shiru, uwar kan zo ta zauna tana yi mata fifita.