Maganar Yaya Sadiya ta tsaya min a rai

Laraba. Aiki lafiya lau, ciwon kan jiya ma ya sauka Alhamdulillah.

Da yamma Yaya Sadiya ta shigo ta same ni gaban kwamfuta ina zana gidaje a OpenStreetMap, taswirar duniya ta intanet da ƴan sa kai ke zanawa kyauta, kamar yadda na saba, ta leƙo tace wai har yanzu kana wannan wahalar ta kyauta, ai tauraron ɗan adam ya gama zana duniya tuntuni, shi ke nuna wa waya hanya. Nace Yaya wlh ba haka abin yake ba. Taurarin GPS ɗin nan suna can sama wajen kilomita 20,200, ba hoton titi suke ɗauka ba, abin da suke aikowa kawai shine lokaci da kuma inda suke, wayarki ce ke kama siginar aƙalla huɗu daga cikinsu tayi lissafi ta gano inda kike tsaye. Ɗigon shuɗin nan da kike gani, iyakar aikinsu kenan. Amma titin da ɗigon ke bi, da sunansa, da sanin cewa nan gada ce can kuma hanya ta mutu, duk sai da wani ya zauna ya saka.

Tace to tudu da kwarin da ake gani a taswira fa, shima kai ka auna? Muka yi dariya. Nan kam tana da hujja, don a Fabrairun 2000 kumbon Endeavour yayi kwana 11 yana auna tsayin ƙasa da radar, ya kwaso kusan kashi 80 cikin ɗari na doron ƙasa, kuma har yau ana cin moriyar bayanan. Sai nace mata radar zai gaya miki tudu ne ko gangare, amma bazai gaya miki wannan rufin asibiti bane, ko cewa hanyar nan mota bata bi in ruwa ya sauka. Tace kai dai ka ji da shi, ta ɗau jakarta ta fita.

Da wasa ta faɗa, na sani. Amma tunda ta tafi raina yake a jagule. Haiti nake ta tunawa, 2010, da girgizar ƙasa ta rusa Port-au-Prince masu agaji suka iso babu cikakkiyar taswirar birnin, mutane daga ƙasashe daban daban suka zauna gaban kwamfutocinsu suna bin hotunan sama suna zana titi ɗaya bayan ɗaya, cikin ƴan kwanaki aka samu abin da masu ceto suka riƙa aiki dashi. Tun 2004 wani mai suna Steve Coast ya fara OpenStreetMap a Ingila, yau shekara sama da ashirin, amma har yanzu akwai ƙauyukan da in ka buɗe wajensu fari fat zaka gani alhali ga rufin gidaje nan birjik a hoto, da mutane a ciki da yara da marasa lafiya. In wani abu ya same su ta ina za'a bi a kai gare su? Wannan ne ke hana ni rufe kwamfutar da wuri.

Bashir ya kira ban ɗauka ba, sai da safe.

Ran Asabar in ta dawo zan zaunar da ita ta zana gida ko ɗaya ne da hannunta, ta ga ya fito a taswirar.