Allurar da ke cikin gwangwanin Milo

Ƙanƙara na shiga nema a firijin Yaya, ana saura kwana biyu a ɗauki azumi, sai na ci karo da babban gwangwanin Milo a can ƙurya, bayan robar niƙaƙƙen tattasai. Wa ke sa Milo a firiji? Na buɗe. Babu ko ƙurar gari a ciki, sai wani abu kamar ƙaton biro a naɗe cikin baƙar leda, da ƙananan allurai a gefensa. An rubuta Ozempic a jiki. Na mayar da shi yadda na same shi, na ɗauki ƙanƙarata na fito tsakar gida kamar ban ga komai ba.

Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ta girme ni da shekara 11, a bayanta na girma. Tana da shagon atamfa da leshi a kasuwar Kejetia da ke Kumasi, kuma da wuya a fitar da anko a nan Aboabo bai bi ta hannunta ba. Shekara 9 ke nan tana fama da ciwon suga, hawan jini ma ya riga shi zuwa. Duk bayan wata uku takan yi sammako ranar masu suga, ta bi layi, a ciro mata fayil, ta ga likita, ta karɓo metformin da gliclazide da maganin hawan jini da katin inshorarta. Mu nan ba mu da irin tsarin Ingila, inda kowa ke da likitan da sunansa yake wurinsa. Likitan gidanku shi ne wanda fayil ɗinku ya fi faɗawa hannunsa. Na Yaya wani dattijo ne mai furfura, marar yawan magana, shekara huɗu yana ganinta.

Tun bayan Maulidi aka fara lura tana zubewa. Zango kuwa ba ta barin abu ya wuce ta gabanta ba ta ce uffan ba. Wasu suka ce kasuwa ce ta juya mata baya, wasu suka ce Alhaji ne zai ƙara aure. A wani gidan suna a Asawase wata ta ja ni gefe, ta rage murya ta ce, "Ku dai ku kai ta a duba jininta." Na gane inda ta dosa. A wurinmu mace ta cika zani a ce miji na kula da ita, ta rame a fara ƙirga mata cututtuka.

Shi ma likitan ya lura. Zuwanta na Disamba sikeli ya nuna ta sauka daga kilo 104 zuwa 97. Ya tambaye ta, ta ce ta rage tuwon dare ne. Bai gamsu ba, kuma yana da gaskiya, domin mai suga da ke ramewa ba dalili dole likita ya yi tunanin tarin fuka da ciwon daji da ire-irensu. Ya rubuta mata hoton ƙirji da hoton ciki da gwaje-gwajen jini. Wasu inshora ta ɗauka, sauran ta biya sama da sidi 600 daga aljihunta. Ni na raka ta, ina ta addu'a a cikin trotro, gabana na faɗuwa. Ita kuwa ta san abin da ke ramar da ita, ta zauna aka zuƙi jininta kwalba uku ba ta ce komai ba. Wannan har yau yana ci mini rai.

Ran shida ga azumi, bayan azahar, yarinyar shagonta ta kira ni tana kuka. Kafin in isa na tarar da ita kwance a kan turamen atamfa, gumi ya jiƙe mata ɗankwali sharkaf, hannunta na rawa, tana maganar da ba ta da kai. Maƙwabciyarta Ba'ashantiya ta kawo Fanta, Yaya tana ture kwalbar tana cewa azumi take. Da ƙyar muka sa ta kurɓa, muka ɗauki tasi. A asibiti aka soki yatsarta, na'urar auna suga ta nuna 2.8, alhali daga 3.9 zuwa ƙasa an riga an shiga haɗari. Nan take aka ɗaura mata ruwa.

Da ta dawo hayyacinta, likitan da ke aiki ranar, wani matashi, ya zazzage jakar magungunanta a kan gado ya ce, "Hajiya, ban da waɗannan akwai abin da kike sha? Ko na gargajiya ne, faɗa mini."

Ta ce, "Babu."

In za a bi ta kalma, ba ta yi ƙarya ba, domin ba sha take yi ba. Na ce, "Likita, akwai allura." Kallon da Yaya ta yi mini, rabon da in ga irinsa tun ranar da na fasa mata tangaran ina ƙarama.

Bai yi faɗa ba. Ya ja kujera ya yi mana bayani. Sinadarin da ke cikin allurar sunansa semaglutide, ana yin ta sau ɗaya a mako, tana kashe sha'awar abinci, tana kuma sa abin da aka ci ya daɗe a ciki bai sauka ba. Ita kaɗai ba kasafai take kayar da suga ƙasa haka ba. Amma gliclazide aikinsa tilasta wa jiki ya fitar da insulin, ko an ci abinci ko ba a ci ba. To ga mace da sahur ɗinta bai wuce rabin kofin koko ba saboda allura ta toshe mata ciki, ga ƙwaya mai ƙarfin da aka auna mata tun tana kilo 104 tana cin kwanon waakye ita kaɗai, ga azumi, ga zafin Maris. Hawan jininta ma ya sauka fiye da kima, domin wanda ya rage nauyi sau da yawa sai an rage masa maganin.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, asalin Ozempic maganin suga ne. Don masu irin ciwonta aka amince da shi a Amurka a 2017, sai a 2021 kamfanin Novo Nordisk ya sami izinin sayar da sinadarin da sunan Wegovy don rage ƙiba. Da ta faɗa wa dattijon nan tun farko, mai yiwuwa ma murna zai yi, ya rage mata ƙwaya, ya tsara mata yadda za ta yi da azumi.

Ba a kan tebur ta saya ba. Wani asibitin kuɗi ta je a unguwar masu hali, likita ne na gaske ya gan ta, ya auna ta, ya rubuta mata, ta biya ta MoMo, wato ta waya. Ya tambaye ta magungunan da take sha, ta ce metformin, domin shi kaɗai ta san sunansa. Ɗayan "ƙaramin farin nan" take ce masa. Bai ce ta kawo jakar ya gani ba, bai tambayi wa ke duba ta ba, bai ba ta ko guntun takarda ta kai masa ba.

Bayan an sallame ta, wani dare an dawo daga asham, na zauna a bakin katifarta na ce, "Yaya, don Allah me ya sa kika ɓoye?" Ta daɗe ba ta amsa ba. Sannan ta ce shekara uku ke nan a kan kujera take salla saboda gwiwa, goshinta bai taɓa ƙasa ba. Tana tara kuɗin Makka, kuma ba ta son a tura ta a keke wajen ɗawafi. Ta ce akwai ranar da wata nas ta ɗaga murya a gaban layi ta ce mata, "Hajiya, ki rage ci mana," mutane suka yi dariya. Ta ce yarinyar da ke ciro fayil 'yar maƙwabtanmu ce. "In na faɗa da safe, kafin la'asar Aboabo ta ji wai Hajiya na allurar 'yan gayu da tsufanta." Ban iya ce mata ba haka ba ne. Na san unguwarmu.

'Yarta da ke aikin kula da tsofaffi a Manchester ta ce can ma rigimar ke nan. Mutane da yawa ta intanet suke saye, kuma tun Fabrairun 2025 hukumar da ke kula da masu sayar da magani ta hana a dogara da amsoshin da mutum ya cike da kansa, sai an tabbatar da nauyinsa da tsawonsa. Masu sayarwar kan nemi izininka su rubuta wa likitanka, wasu kuma ba sa so, saboda kunya irin ta Yaya.

Ni dai ga inda na tsaya. Ban yarda a zagaya a kai labarin mutum ba da saninsa ba, musamman a garin da sirrin asibiti ke riga mai shi isa gida. In aka fara haka, mata za su guje wa likitoci na gaske su koma wurin masu talla a WhatsApp, can kuwa ba mai tambayarka ko sunanka. Amma likitan da ya karɓi kuɗin mace mai shekara 52 ya miƙa mata wannan allura, bai ga jakar magungunanta da idonsa ba, bai rubuta mata takarda mai sunan magani da yawansa da ranar farawa ya ce ta kai wa mai duba ta ba, bai gama aikinsa ba. Ita kuma mai allurar, kai takardar nan wajibi ne a kanta, ko da a rufe za ta miƙa. Wanda ke rubuta maka ƙwaya yana auna ta ne da jikin da ya sani. In ka sauya jikin a ɓoye, da ka yake rubutawa.

Kuma ba masu suga kaɗai ba. Matashin likitan ya ce abin da ya fi tsorata su shi ne tiyata. Ana hana mutum ci tun dare don a sa masa maganin barci cikinsa wayam, amma mai wannan allura zai iya kwana bai ci ba, abincin jiya na nan zaune, ya taso ya shige masa huhu yana kan tebur. Shi ya sa a Yunin 2023 ƙungiyar likitocin sa barci ta Amurka ta ba da shawarar a tsallake allurar mako guda kafin aiki. Ga 'yan matanmu masu ramewa don biki: semaglutide ana barinsa wata biyu kafin neman ciki, Mounjaro kuma, wata allurar mai irin aikinta, na iya rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa a makonni huɗun farko da duk lokacin da aka ƙara yawansa. Ciwon ciki kuwa, mu komai olsa ne, mu saya a kemis mu sha, alhali allurar kan jawo tsakuwa a matsarmama.

Akwai kuma jabu. A Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan Ozempic na bogi da aka gano a Brazil da Birtaniya da Amurka, a 2023 ma an kwantar da mutane a Austria bayan sun yi wadda aka cika da insulin. In ta shiga can, ban ga abin da zai hana ta shigo jakar wani a filin jirgi ba. Sai batun sanyi. Wadda ba a buɗe ba firiji take so, wadda aka fara amfani da ita kwana 56 ne iyakarta, kuma kada zafi ya wuce digiri 30. Ku tuna da dumsor, wato yawan ɗauke wutar nan tamu, ku tuna da ɗakin kwano da rana tsaka a Kumasi.

Dattijon likitan, da muka koma wurinsa, ya karanta rahoton ya cire tabarau ya ce, "Hajiya, kin sa ni rashin barci a kanki." Iyakar faɗansa ke nan. Ya cire gliclazide, ya rage maganin hawan jini, ya ce ta ajiye azumi sai suga ya daidaita, malaminta ma ya ce mata haka. Allurar ya bar mata, amma ya gaya mata gaskiya cewa a binciken da aka yi, waɗanda suka daina sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka rage a cikin shekara guda, don haka ta yi lissafin aljihunta tun yanzu.

Kwana uku ba ta ɗaga wayata ba. Ran na huɗu yarinyar shago ta kawo mini turmin atamfar Salla, ba saƙo, ba farashi.

Zuwanta asibiti na baya-bayan nan na ga ta ninke kwalin allurar ta cusa a lalitarta, ba ta fito da shi ba sai da nas ta fita ta ja ƙofa. Ranar Juma'ar da ta wuce ta yi raka'a biyu a ƙasa kafin ta koma kujera. Allurar kuwa har gobe a gwangwanin Milo take, domin Alhaji bai sani ba. Ta tambaye ni ko shi ma zan je in faɗa masa. Na ce mata Alhaji ba ya rubuta magani.